Jaridar Jatau, da Ranar da Na Ce A'a

Ku 'yan kai saƙo na yanzu, ku da waya ke riƙe muku hannu har bakin ƙofa, ku ne masu cewa rabon jarida ba sana'a ba ce, jifa ne kawai. Mu'azu ne ya faɗa ranar nan a wurin mai shayin Nuzla, yana kaɗa makullin motar da ba tasa ba. Ya ce, "Ya Hamza, aikin nan naka na da, ko akuya aka rataya wa jaka za ta yi." Kowa ya yi dariya har ni, don maganar ta yi daɗi. Amma tunda kun taɓo, ku zauna ku ji. Ni ban yi nisa a makaranta ba, mun rabu da ita tun da wuri ba tare da faɗa ba, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku miƙar da kanku.

Ku fara sanin matsayina. A Nuzla, nan cikin Jidda, aka haife ni, babana ma haka, kakana ne ya zo hajji ya ga wuri ya zauna. Amma takarda ba ruwanta da wannan. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana wuyan wani tsoho mutumin Jidda da babana ya yi wa tuƙi har Allah ya yi masa rasuwa. An rubuta ni direban gida, alhali gidan ya daɗe da rabuwa da mota. Tsohon mutumin kirki ne, duk shekara yana sabunta min saboda darajar babana, sai dai yana wani irin tari wanda in ka ji za ka fara neman wani kafilin, wato wanda zai tsaya maka a takardar. 'Ya'yansa kuma da ƙyar suke amsa sallamata. To duk abin da zan faɗa muku, ku riƙe wannan: ina neman inda zan mayar da iƙamar nan kafin tsoho ya tafi.

Jaridar da muke rabawa ta talla ce zalla, kyauta, ran Alhamis take fitowa. Ba labarin sarki, ba na ƙwallo. Gidan haya, motar sayarwa, mai gyaran na'urar sanyi, malamin da ke bin yara gida, mai maganin kyankyaso. Rabi Larabci, rabi Turanci.

Ammi Haruna ne ya koya min, wani dattijo ɗan Kurayyat mai dabbab, ƴar ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ke kuka kamar an taka kyanwa. Ranar farko da safe ya ajiye ni a bakin wani layin manyan gidaje, ya ba ni ɗauri guda. Na ɗauki jarida na wulla ta saman katanga kamar yadda na gani a talabijin. Ta faɗa daidai inda mai aikin gidan ke wanke tsakar gida, na ji ta ce caɓal.

Ammi ya leƙo ta taga. "Kai ɗan nan, jarida kake rabawa ko jifan shaiɗan ka zo yi a Mina?"

Na ce, "Ai ta shiga gidan, Ammi."

"Ta shiga. Kai ma in na jefa ka kwata ka shiga. Zo nan."

Ya nuna min naɗi. Ka ninke ta, ka sake ninkewa, ka zura roba, ka soke ta tsakanin ƙarfen ƙofa daidai ƙirjin mutum, sama da inda ruwa ke bi, ƙasa da inda rana ke dafa ta. Kayan aikin ba su da yawa amma kowanne da dalilinsa. Jaka mai faɗin maɗauri, ka naɗe maɗaurin da tsohon tawul in ba haka ba kafaɗarka ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Robobi a wuyan hannu. Ƴar wuƙar yanke igiyar ɗauri. Jiƙaƙƙen soso a aljihu don yatsa, saboda Ammi ya ce mai lasar yatsa yana ƙirga takarda tawada yake ci kyauta. Takalmi mai laushin ƙasa, don kada ka tashi mutanen da suka koma barcin safe.

A imara, wato dogon gini mai gidaje da yawa, sama kake fara hawa da lif ka biyo bene kana saukowa. Ba ka ƙwanƙwasa. Ba ka tsayawa. Kowane hawa ka ce "dastur" da ƙarfi, ko akwai matar da ta buɗe ƙofa tana shara ta samu ta koma ciki, idonka kuma a kan takalminka. Na taɓa mantawa a wata imara a Madain Fahd, wata Hajiya ta bi ni da tsintsiya har titi, tana zagina da Larabci, da ta ga launin fatata ta juye Hausa don ya fi shiga.

Amma babban kayan aiki fuska ce, saboda haris, mai gadin imara. In haris bai so ka ba, ko bakin lif ba ka gani. Akwai wani ɗan Yaman a arewacin gari, doguwar imara mai cike da likitoci, irin wurin da masu talla ke mafarki. Mutumin nan ya rantse ba mai rabon jaridar da zai taka masa tayil ɗin da ya goge. Na yi makonni ina zuwa ina gaishe shi ina wucewa, ban nemi shiga ba. Rannan na same shi yana cin ful, dafaffen waken nan, a kan gwiwa, romo na ɗiga masa a zane. Na zaro jarida na shimfiɗa masa a ƙasa na jera kwanukansa a kai. Ya dube ni ya dubi jaridar. Ya ce, "Duk Alhamis?" Na ce duk Alhamis. Daga ranar shi ke danna min lif. Wannan waya ba za ta koya muku ba.

Yanzu mai jaridar. Wata Alhamis muna lodi a bakin maɗaba'a sai ga wani Bature dogo, fuska ja kamar an soya, ya ɗaga ƙafa ya haye bayan dabbab ya zauna a kan ɗaurin jaridu. Ammi ya dube shi ta madubi ya ce, "Wannan Jataun kuma daga ina?" Aka ce ai shi ne mai abin. A takarda wani attajiri ɗan ƙasa ne mai kamfanin, kun san doka, amma kai da hannu duk na Baturen ne. Sunan Jatau ya bi shi daga ranar, har shi ma ya koma yana cewa a waya, "Jatau ne."

Ni na zauna kusa da shi, don ina da ɗan Turancin titi da na tsinta wurin ma'aikatan jirgin ruwa, shi kuma yana da Larabcin da ko ɗan yaye zai gyara masa. Na ce, "Mista, kai ɗan Landan ne?"

Ya buga rufin mota Ammi ya taka birki. Ya ce, "Ni ɗan Ayalan ne. Ka sake ce min ɗan Ingila ka nemi wani aikin."

Na ce ai duk ja ne. Ya ce kai wane launi kake goya wa baya a ƙwallo, rawaya ko kore? Na ce rawaya har kabari. Ya ce to daga yau kai ɗan kore ne, ai duk Jidda ce. Na ba shi haƙuri nan take.

Labarin rayuwarsa a bayan dabbab na ji shi, gutsure-gutsure, Alhamis bayan Alhamis, don ya mayar da bin mu al'ada. Babansa dillalin shanu ne a wani ƙaramin gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Yana yaro ya lura manoma na ɓata yini guda suna tambayar wa ke da ɗan maraƙi, wa ke neman ciyawa. Sai ya riƙa rubutawa a takarda yana mannawa a ƙofar cocinsu. Takarda ta zama shafi, shafi ya zama ƴar jarida. Da ta yi ƙiba ya sayar. Ya sayi gidan rediyo, ɗaki ɗaya a saman shagon mahauci, ya cika shi da gaishe-gaishe da sanarwar mutuwa, wai mutanensu ba abin da suke so kamar jin wa ya mutu. Na ce ashe dangi ne. Shi ma da ya yi ƙiba ya sayar. Daga nan ya zuba komai a gidan talabijin ya sha ƙasa, ya ce har agogon hannunsa sai da ya tafi. Ya zo yankin nan da akwati ɗaya ya sake daga farko.

Na ce, "To kai ba ka riƙe abu ne?"

Ya ce, "Ni ba jarida nake so ba, Hamza. Ina son in sami abu yana ƙarami, in ciyar da shi, in sayar wa wanda ke tsoron ƙaramin abu."

Na ce, "Ashe kiwon ragon layya kake yi." Ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Ni ma na yi dariya, ban tsaya na tambayi kaina wane ne ragon ba a wannan karon.

Akwai ranar da ya ce ba rabo zai gani ba, yana so ya ga inda jaridar ke ƙarewa. Mu kuwa mun san inda take ƙarewa. Na kai shi Nuzla. Ga mai tamis yana zaro burodi daga tanda yana naɗewa a shafin gidajen haya. Ga Malam mai tsire yana zuba yaji a kan mai gyaran na'urar sanyi. Ga yaro yana goge gilashin mota da shafin Turanci. Ammi ya ce da ni a hankali, "Halas, shi ke nan, ka fara neman aikin wanki."

Jatau ya tsaya yana kallon wani mutum da ya sayi tamis yana tafe yana karanta naɗin. Ya bi shi da ido har ya sha kwana. Ya juyo ya ce, "Kun gani? Ni ƙofa nake kai ta, mai burodi yana kai ta tsakiyar ɗaki." Ya tambayi mai tamis me ya sa tasa yake so ba sauran jaridu ba. Mutumin ya ce sauran akwai aya, akwai sunan Allah, wa zai naɗe abinci da su a jefar a shara? Taka kuwa ba komai ciki sai kyankyaso da firji.

Washegari ya kafa doka. Ba bisimilla, ba aya, ba addu'a a ko'ina cikin jaridar. In mai talla sunansa Abdullahi ko Abdurrahman, a lallashe shi a rubuta Abu wane. Ya canza tawada zuwa wadda ba ta bin burodi. Ya ce a riƙa sauke wa masu tamis da masu tsire ɗauri-ɗauri tun kafin gidaje. Wallahi shekarun nan jaridar ta yi kauri har roba ɗaya ba ta riƙe ta.

A ranar nan ta Nuzla ne na kai shi gidanmu, don ba ka wucewa da baƙo ta ƙofar Umma ta ji labari daga baya. Ta kawo shayi da masa. Ya ce a'a, ya gode. Ta ce ya daure. Ya dafa ƙirji ya ce wallahi ya ƙoshi. Ta tura tiren gabansa ta ce ko kurɓi ɗaya. Sai ya ce to, tunda ta matsa. Ya shanye butar, ya share masar har da ta ƙanena. Da na tambaye shi, ya ce a garinsu ma haka ne, wanda ya karɓi shayi a tayin farko uwarsa sai ta ja kunnensa a hanyar gida. Na fassara wa Umma. Ta ce, "Wannan ai Bahaushe ne aka wanke. Ka riƙe shi, yana da tarbiyya."

Ba a daɗe ba ya kira ni ofis. Ban taɓa zama a kujerar ba, sanyi kamar ɗakin ajiye kifi. Ya ce kamfani ya samu gurbi ɗaya na mayar da kafala. Yana son mutum mai bin shaguna yana karɓo talla, wanda ya san unguwanni kuma bakinsa ba ya mutuwa. Iƙama ta koma sunan kamfani, da sana'a ta gaskiya a rubuce, da riga mai tambari. Ya ce, "Kana so?"

Ku da kuka san ni, kun san ba abin da nake so a duniya kamar wannan. Amma an haife ni a gidan da ko ruwa aka miƙo maka sai ka ce ka sha. Kuma ga mutumin da na gani da idona ya san yadda ake yi. Sai na sunkuyar da kai na ce, "A'a Mista Jatau, kada ka wahalar da kanka saboda ni."

Ya ce, "Ka tabbata?"

A raina na ce saura ɗaya. Na ce, "Babu damuwa, ni lafiya lau nake."

Na gyara zama, na shirya fuskar da zan ce "to tunda ka matsa." Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya shiga Turancinsu mai gudu, ya ɗaga min babban yatsa, ya nuna min ƙofa da murmushi. Na tsaya a bakin ƙofar kamar mai jiran canji. Bai sake duba ni ba.

Da na faɗa wa Ammi Haruna a cikin dabbab, sai da ya kashe motar. Ya ce, "Ka ce me?"

"Ai zai sake tayi, Ammi. Ya san al'ada."

"Koma yanzu ka ce masa bakinka ne ya zame."

"Haba, in koma in ce na fasa a'a? Kamar mayunwaci?"

"Kai ɗin ƙosasshe ne? Shayi daban, takarda daban, yaro. A kan takarda ko ubanka ne ya yi tayi cafkewa ake yi."

Umma kuma ta ce kul. Ta ce mutum mai kunya irin wannan gwada ni yake, in na koma da roƙo na zubar mana da mutunci. Ta ce dai in riƙa nuna kaina. Na bi ta Umma, don ta fi daɗin bi. Na koma gaishe shi safe da yamma. Na kai masa masa a kwano mai murfi. Na wanke masa mota ba a sa ni ba. In ya fito na tsaya inda zai yi tuntuɓe da ni, in yi tari, in ce tsohon kafilina fa jiki ya ƙi. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, da Larabcinsa mai karaya. Ya ce ni yaron kirki ne.

Rannan na zo lodi na ga wani siririn yaro Basudane, Fu'ad, cikin riga mai tambari, sabuwa har da layin ninki. Na ce wannan fa? Ya ce Jatau ne ya tambaye shi ko yana so. Na ce sai ka ce me? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana numfashi. Ya ce, "Ban bari ya gama maganar ba."

Na ce a raina wani gurbin zai zo. Jarida na ƙiba, dole a nemi mutane. Abin da na manta shi ne me Jatau ke yi da abu in ya yi ƙiba.

Shekarar da ya sayar ita ce baƙar shekara a sana'ar nan. Sababbin masu kamfani mutanen kirki ne, ba zan ce ba haka ba. Suka dubi jarida suka ce ta yi tsirara, ko bisimilla babu. Da azumi ya zo suka sa lokutan salla a shafin farko da aya a samansa cikin kyakkyawan rubutu, bayan salla kuma ba su cire ba. Jatau yana nan lokacin yana miƙa musu aiki, na ji ya faɗa musu illar hakan, suka ce sun gode da shawara.

Alhamis ta farko mai tamis ya buɗe ɗauri, ya duba, ya sumbaci shafin ya ɗora a kai, ya miƙo min abina. Ya ce, "Kai wa masu karatu." Malam mai tsire ya ce in yi masa rai kada in sa shi cikin zunubi. Haris ɗina ɗan Yaman ya ce ba za a tura ta ƙarƙashin ƙofa mutane su taka ba, in ba hannu da hannu ba to a'a. Wa zai tsaya ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa a imara guda? Wadda ta faɗi ƙasa kuma dole ka koma ka ɗauka, don kai ma musulmi ne. Jakar da ke fita da nauyi ta dawo wayam ta koma fita da nauyi ta dawo da nauyi. Ragowar ba ta zubuwa a shara. Muka riƙa kai ta akwatunan nan na gefen masallaci da ake tara takardu masu sunan Allah, muka cika na Nuzla, muka cika na Kurayyat, har wani ladan ya tare mu ya ce akwatin nan na unguwa ne, ba na kamfaninku ba. A daidai lokacin kuma waya ta gama cinye idon mutane, mai gidan haya ya gane zai iya ɗaukar hoto ya saka da kansa. Jarida ta rame har iska na ɗauke ta daga ƙofa. Gwiwar Ammi ta ce ta gaji da bene, ya bar min dabbab ya koma zaman shagon ɗansa.

Ranar da Jatau zai bar ƙasar ya aiko a kira ni. Ga motocin kamfani masu sanyi, ya ce shi a dabbab zai je filin jirgi. Muka ɗaure akwatunansa da igiyar jarida, ya matse a gaba gwiwarsa na taɓa haɓarsa. Rana tsaka, gumi na zuba masa. Ya ce zai je ya zuba jari a turakun waya a wasu ƙasashe, wai yanzu duk wanda ya riƙe turken shi ya riƙe jaridar da rediyon gaba ɗaya. Na ce Allah ya ba da sa'a, ya sa ragon ya yi ƙiba.

Mun wuce rabin hanya ya ce, "Ka san wani abu, Hamza? Duk zamana a garin nan kowa nema yake a wurina. Kai kaɗai na yi wa tayi ka ce a'a. Na faɗa wa abokin kasuwancina, yaron nan yana da wani shiri a ransa. To yanzu ina tafiya, faɗa min. Mene ne shirin?"

Na yi dariya, don ita na iya. Na ce, "Ba shiri, Mista Jatau. Na uku nake jira."

"Na uku me?"

"Ka yi tayi sau biyu. Sai waya ta yi ƙara."

Ban yi masa bayani ba, bai nema ba, nan take ya gane, don abin gidansu ne. Fuskar da nake zaton ta gama ja ta ƙara ja. Ya ce, "A ofis, Hamza? A kan takarda?"

Na ce, "Ai a gidanmu ka yi."

"Waccan uwarka ce." Ya daki gaban motar har rediyon da ya shekara a mace ya yi tari. Ya ce in tsaya. Na gangara gefen titi. Ya kira sabon manaja, ina ji yana magana da murya mai taushi irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba, ya ambaci sunana, ya sake ambata. Ya saurara. Ya kira tsohon abokin kasuwancinsa, aka ce yana ƙasar waje. Ya ajiye wayar a cinya yana kallon motoci na wucewa.

Ya ce, "Ba sa ɗaukar kowa. Rage mutane za su yi. Da kafin in sayar ne, da hannuna kawai zan sa."

Na ce, "Yalla, mu je, kada jirgi ya tafi ya bar ka, mu zama mu biyu ba takarda."

Bai yi dariya ba. A filin jirgi ya rungume ni, ya ce in na sami wani kamfani in ba su lambarsa zai yi min shaida. Na yi hakan sau da yawa. Shaidar Baturen da ya bar ƙasa ba ta buɗe gurbi. Wani lokaci ina ganin hotonsa a waya, gashi ya yi fari, yana yanke kirtani a wata ƙasa, na san wani ragon ne ya kama.

Jaridar ba ta ga wani azumin ba. Ba a yi mana sallama ba ma, mun je maɗaba'a wata Alhamis aka ce ba a buga ba.

Tsohon kafilina ya rasu a cikin sanyin da ya biyo. Na sa farar riga na je zaman makoki, na bi layi na yi wa 'ya'yansa ta'aziyya. Babban ɗan ya riƙe hannuna, ya ce ya tuna babana, ya ce, irin yadda ake faɗa wa kowa, "Kana bukatar wani abu?"

Wannan karon ban jira ba. Ga mutane cike da rumfa, ga mai gahawa tsaye da buta, ga alaramma na shirin ci gaba da karatu. Na ce, "Ina bukata. Iƙamata. Ka karɓe ni a sunanka."

Wani dattijo a gefe ya ce astagfirullah, mutum ko kwana uku bai yi a ƙasa ba. Ɗan ya saki hannuna a hankali, ya yi murmushi ya ce, "In sha Allah," ya miƙa wa na bayana hannu. Duk wanda ya girma a Jidda ya san wannan in sha Allah ɗin.

Iƙamar ta mutu a watan Rajab. Yanzu ina ɗaukar firji da katifa a dabbab tsakanin Nuzla da Kurayyat da Madain Fahd, ta cikin lunguna, inda ba a tare hanya a ce kawo takarda. In kaya na arewa ne, ina kwatanta wa wani ya kai.